Daga Kantin Gwanjo Zuwa Ɗakin Jinya

  

An nemi in yi magana a kan sana'ata, wato riƙon shagon sadaka da ke tara wa gidan jinya kuɗi. Da wuya a sami wanda bai taɓa shiga irin shagon ba a cikinmu. Ɗalibi in ya sauka ƙasar nan ta Birtaniya a watan Satumba, iska ta fara kaɗawa, can 'yan'uwa ke raka shi ya sayi rigar sanyi. Mai sabon gida can take samun tukwane da faranti da labule. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke ɗaga kai su karanta sunan da ke saman ƙofa, balle su tambayi inda kuɗin ke tafiya. Shagon da nake riƙewa na wani gidan jinya ne da ke bayan garin da nake zaune, irin wanda ake kira hospis, inda ake kula da mutanen da likitoci suka tabbatar cutarsu ba mai warkewa ba ce. Rai da ajali na Allah ne, babu mai musun wannan. Abin da gidan ya ɗaukar wa kansa shi ne kada mutum ya ƙarasa kwanakinsa cikin raɗaɗi da kaɗaici.

Wadda ta kafa tushen wannan aiki a zamanance ita ce Cicely Saunders. Da aikin jinya ta fara lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ciwon baya ya raba ta da shi, ta koma kula da walwalar marasa lafiya a asibiti, daga baya ta karanta likitanci ta kammala a 1957. Tun a 1948 wani majinyaci ɗan ƙasar Poland mai suna David Tasma ya bar mata wasiyyar fam 500 domin gidan da take burin ginawa. Sai a 1967 burin ya cika, aka buɗe St Christopher's a unguwar Sydenham da ke kudancin Landan. Abu biyu ta dage a kai. Maganin raɗaɗi irin su mofin a riƙa bayarwa a kan ƙa'idar lokaci, ba sai mara lafiya ya fara kuka ba. Sannan ciwon mai mutuwa ba a jikinsa kaɗai yake ba, akwai tsoro, akwai tunanin 'ya'yan da zai bari, akwai abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma duk sai an kula da su. A gidan da ta gina ta rasu a 2005.

Yau akwai irin waɗannan gidaje sama da 200 a Birtaniya, kuma mafi yawansu ba na gwamnati ba ne, na ƙungiyoyin agaji ne. Mara lafiya ba ya biyan ko sisi. Abin da gwamnati ke bayarwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake kashewa a gidajen manya ba, na yara ma bai kai haka ba. Ragowar daga aljihun jama'a yake fitowa, ta hanyar wasiyya da gudummawa da tseren gudu da shaguna. Su kuwa shagunan sadaka, wanda aka fi ambato a tarihinsu shi ne na ƙungiyar agaji ta Oxfam da aka buɗe a titin Broad Street na birnin Oxford a ƙarshen 1947, yanzu kuma sun haura dubu goma a faɗin ƙasar.

To, ga abin da na zo in faɗa. Tausayi ne ya sa aka buɗe shagon, amma wanda aka ba riƙonsa ɗan kasuwa aka ɗauka, kuma amanar da ke wuyansa ta mutumin da ba zai taɓa shigowa shagon ba ce, domin yana kwance. Duk abin da zan ambata daga nan, a kan wannan yake tafiya.

Mai saye gaban shago yake gani, amma rabin aikin a ɗakin baya ake yinsa. Ɗaki ne ƙarami, da dogon tebur a tsakiya, da baƙaƙen ledoji jibge har kusa da rufi. Safar hannu ake fara sawa kafin a kwance ko wace leda, domin ba a san abin da ke ciki ba. An sha samun fasasshen kofi, da allura, da kayan jarirai da ba a wanke ba. Ana juye ledar a kan tebur, a ɗauki riga a duba wuya da hammata da bakin hannu, a ja zif a gani ko yana tafiya, a ƙirga maɓallai, a sa hannu cikin kowane aljihu. Hanci ma yana da nasa aikin, domin rigar da ta sha hayaƙin taba ko ta kwana cikin danshi, ko ta yi kyau a ido ba za ta shiga shago ba. Wadda ta tsallake sai a rataye ta a hanga, a bi ta da tururi har ta miƙe, a maƙala mata takardar farashi mai ɗauke da alamar makon da ta fito. In ta yi 'yan makonni ba a saya ba, a sauke ta a tura wani reshe, domin mai shigowa kullum in ya ga kaya ɗaya sau uku, ba zai dawo na huɗu ba.

Akwai kayan da doka ta yi musu iyaka. Kujera mai katifa ko gado, in babu tambarin da ke nuna sun cika ƙa'idar kariya daga gobara ta 1988, ba ma karɓa ko da sababbi ne fil. Kayan lantarki sai wanda ya iya ya gwada su da na'ura kafin a sa a kanta. Kujerar jariri ta mota da hular kwano ba ma sayarwa, domin babu yadda za a gane ko sun taɓa buguwa. Mai kawowa yakan ji haushi in aka ce masa a'a, kuma iya faɗin a'ar nan ba tare da an kore shi har abada ba, yana cikin abubuwan da manaja ke koya.

Wurin sa farashi ake gane manaja. Sabon ɗan sa-kai kusan kullum ƙasa yake sa wa kaya, saboda a ransa kyauta aka kawo su, kuma talaka ne zai saya. Niyyarsa mai kyau ce, amma lissafinsa bai cika ba. A ce an kawo rigar sanyi mai kyau wadda kowa zai biya fam 20 ba tare da ya ji an cuce shi ba, sai aka sa mata fam 3. Yawanci ba talakan ne zai same ta ba. Akwai masu zagaya shagunanmu da sassafe da waya a hannu, suna duba tambarin kaya, su saya su sa a kasuwannin intanet irin su Vinted ko eBay kafin azahar. Ban ga laifinsu ba, neman halal suke. Amma fam 17 ɗin nan da ta tafi aljihunsu, daga ɗakin jinya aka ɗauke ta, kuma wanda ya kawo rigar ba don haka ya kawo ba. Saboda haka nake koya wa masu taimaka mini sanin yadi da tambari, in kuma abu ya fi ƙarfin saninmu, kamar tsohon agogo ko littafi ko zane, a ajiye shi gefe har a sami masani, ko a tura wa ofishinmu mai sayarwa ta intanet.

Wani zai ce, to talakan fa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ana yawan ƙorafi a ƙasar nan cewa shagunan sadaka sun yi tsada. Wani lokaci ƙorafin gaskiya ne. Na ga shagon da ya sa wa tsohuwar riga kuɗin da ya fi na sabuwarta a kanti, wannan rashin sanin kasuwa ne. A ganina shago yana iya riƙe duka biyun. Kayan yara da rigunan makaranta da kayan yau da kullum a bar su da araha, a ware layin fam ɗaya, abu mai daraja kuma a sa masa darajarsa.

Nan zan ɗan taɓa mu. Mu mutane ne masu son tayi, a wurinmu ciniki bai yi daɗi ba sai an ce albarka an sake tayawa. Sau da yawa 'yar'uwa takan shigo, ta ji ina Hausa, ta ce, “Haba Hajiya, a yi mini ragi mana, ai mu ne.” Nakan ce mata, “Yaya, da kayana ne da na ba ki kyauta.” Ba ni da ikon rage abin da ba nawa ba.

Wani abin da mutanenmu ba su cika sani ba shi ne tsarin Gift Aid, wanda aka fara a 1990. Duk mai biyan haraji a ƙasar nan, in ya ba ƙungiyar agaji fam ɗaya, ƙungiyar na iya karɓo ƙarin kwata daga hukumar haraji. A shago, ana sayar da kayan ne a madadin wanda ya kawo, a sanar da shi abin da aka samu, kuɗin ya zama kyautarsa. Rigar fam 20 ta zama fam 25 ke nan, ba tare da an ƙara wa kowa ko kwabo ba. Abin da ake bukata kawai shi ne a cika 'yar takarda, a liƙa lambar mutum a jikin kowane kaya nasa tun daga ɗakin baya. Manajan da ya yi sakaci da wannan, kuɗi yake zubarwa kullum.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya shiga akwatin kuɗi riba ne. Gaskiya ne doka ta sassauta mana. A Ingila ana yafe wa shagon kashi 80 cikin 100 na harajin wurin kasuwanci muddin yawancin kayansa na kyauta ne, kuma babu harajin saye a kan kayan da aka bayar sadaka. Amma akwai haya, da wuta, da inshora, da man motar ɗaukar kaya, da albashi. Daga Afrilun 2025 kuɗin inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikata ke biya ya tashi zuwa kashi 15 cikin 100, kuma gidajen jinya masu zaman kansu ba su tsira ba. Akwai masu ganin bai dace a biya manajan shagon sadaka albashi ba. Ni ban yarda da su ba, kuma ba don ni ce ke karɓa ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shagon da ba shi da wanda za a tuhuma in ba a buɗe ba, ko in lissafi bai daidaita ba, yakan yi asarar abin da ya ninka albashin.

Abin da ya fi ci mini rai a ɓangaren kashe kuɗi shi ne shara. Mutum ya kwaso ledoji da dare ya jibge a bakin ƙofa, ruwa ya dake su, wasu su farke su zaɓi na zaɓa su watsar da saura. Da safe mu kwashe, kuma mu biya kamfanin shara, domin sharar shago ba kyauta ake ɗauka ba. Shi yana can yana ganin ya yi sadaka, alhali bashi ya bar wa marasa lafiya.

Sai 'yan sa-kai, waɗanda in babu su babu shago. Akwai tsofaffin da suka yi ritaya, akwai ɗalibai, akwai wanda ya daɗe ba aiki yana neman abin da zai rubuta a takardar neman aiki, akwai sabon zuwa da ke son bakinsa ya faɗa da Turanci. Da yawa kuma mijinsu ko mahaifiyarsu a gidan jinyar suka cika, sun zo rama alheri ne. Ba ka biyansu, don haka ba ka da sandar da za ka ɗaga musu, sai dai iya zama da mutane. Dole ka san wadda ƙafarta ba ta son tsayuwa, ka ba ta kujera a wurin karɓar kuɗi, ka san wanda hira da baƙi ke yi masa wuya, ka bar shi da littattafai. Amma akwai dokar da ba na sassautawa ga kowa, har da ni. Ba mai sa wa abin da yake so ya saya farashi, kuma kaya sai sun fita gaban shago kowa ya gani kafin ɗan gida ya saya. Kuɗin yini kuma mutum biyu ke ƙirgawa su sa hannu. Ba zargi ba ne. Ranar da garin ya fara raɗe-raɗin cewa kayan kirki ta ƙofar baya suke fita, daga ranar kayan kirki sun daina shigowa.

Akwai irin baƙuwar da duk mai wannan aiki ya sani. Takan zo da tsakar rana lokacin da babu cunkoso, da akwati maimakon leda. In aka buɗe, kwat ne da riguna a goge a ninke, takalma an shafa musu mai an cusa musu takarda. Ba ta sakin hannun akwatin da wuri. Irin wannan ba a karɓa a ce an gode a juya baya. Nakan ja mata kujera, a kawo shayi, in bar ta ta faɗi sunansa da irin aikin da ya yi. Sannan in tambaye ta ko tana so a kai kayan wani reshe a wani gari, domin ba kowace mace ce za ta iya wucewa ta ga kwat ɗin mijinta a tagar shago ba, ko ta gan shi a jikin wani a tashar bas. Mafi yawa sukan ce a kai nesa. Nakan karɓi lambar wayarta, saboda a aljihun irin waɗannan kaya ake samun zobe da hotuna da wasiƙu, kuma waɗannan ba a ba mu su ba.

A nan ina da jan hankali ga 'yan'uwana Musulmi, malamai kuma suna nan za su gyara mini. Kayan mamaci haƙƙin magada ne, har tufafinsa. Kada zafin rashi ya sa mutum ɗaya ya kwashe ya kawo mana kafin sauran su yarda, musamman in akwai marayu a ciki.

Kayan da ba su sami shiga ba, ko suka gaji da rataya, 'yan kasuwar tsumma ke saye a kan kilo. Su ke tantancewa su ɗaure dila-dila su tura ƙetare, kuma a nan labarin ya iso gida. Birtaniya na cikin manyan masu tura gwanjo Ghana. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar Kantamanto ta Accra kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a shara suke ƙarewa, a bola da magudanan ruwa da bakin teku. Kasuwar ce gobara ta cinye babban sashenta a farkon Janairun 2025. Najeriya ta haramta shigo da gwanjo, amma duk mun san yana bi ta Kwatano ya iso har Ƙofar Wambai. Ɗan kasuwar da ya ci bashi ya sayi dila bai san abin da ke ciki ba sai ya yanke igiya. In rabinta tsumma ne, shi ya yi asara. Shi ya sa a ɗakinmu na baya ba na yarda a cusa yagagge ko mai tabo cikin buhun da aka rubuta wa mai kyau don ya ƙara nauyi. Ba zan gyara cinikin duniya daga teburina ba, amma abin da ya fita daga hannuna ina da iko a kansa. Ga shi kuma tufafin zamani masu arha, irin waɗanda ake oda ta waya a sa sau biyu a yar, sun cika ledojin da ake kawo mana, har kuɗin kilo ya faɗi warwas a 2024, wasu masu sayen ma suka daina zuwa.

Duk da son da nake wa wannan aiki, ban yarda cewa daidai ne kulawar mai mutuwa ta rataya a kan cinikin tsofaffin riguna ba. Babu wanda zai yarda a ce ɗakin haihuwa sai an sayar da takalma kafin a biya ungozoma. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa aka rufe shaguna, kuɗin ya tsaya cak a dare ɗaya, sai da gwamnati ta kawo ɗaukin da ya kai fam miliyan 200. A Disambar 2024 ta sake sanar da fam miliyan 100 ga gidajen jinya na Ingila, amma na gyaran gini da sayen kayan aiki ne, ba na albashin ma'aikatan jinya ba. Kuma tsarin yana da rashin adalci a cikinsa, domin garin masu kuɗi kayan masu kuɗi ake kawo wa shagonsa, garin talakawa kuwa, inda cuta ta fi yawa, shi ke samun kaɗan. Wannan magana ce da ya kamata duk mai ƙuri'a a cikinmu ya yi wa ɗan majalisarsa.

Amma akwai abin da shagon ke yi wanda kasafin gwamnati ba zai yi ba. Gidan jinya yana bayan gari, mutane na tsoron ko kallon ƙofarsa. Shago kuwa yana tsakiyar kasuwa. A gaban kantata mutane da dama suka fara tambayar yadda ake samun taimakon gidan, suna riƙe da kofi ko littafi kamar shi ya kawo su. Mu musamman muna bukatar wannan ƙofa, domin a wurinmu kai mahaifi irin wannan gida kamar yar da shi ne, abin kunya ne a faɗa a gida. Ku sani cewa mafi yawan aikin gidajen nan a cikin gidajen mutane ake yinsa. Ma'aikaciyar jinya ce za ta zo har ɗakin Baba, ta daidaita masa magani, ta nuna wa 'ya'yansa yadda za su juya shi, ta ba su lambar da za su kira da tsakar dare. Jinyar tana hannunku, taimako aka kawo muku. Wanda kuma aka kwantar a can, ba a hana iyali kwana, ba a hana liman shiga, kuma in kun yi bayani tun da wuri za a yi ƙoƙarin gaggauta takardu domin jana'iza.

Aikin ya isa Afirka ma. An kafa Island Hospice a Harare a 1979. Dakta Anne Merriman, 'yar Liverpool da ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Uganda a 1993 da ruwan mofin mai arha da ake haɗawa a can, kuma cikin abin da ya tallafi aikin har da shagon sadaka a garinsu. A Ibadan akwai sashen irin wannan kulawa a asibitin koyarwa na jami'a. Ko shago irin namu zai yi tasiri a Kano ko Damagaram? Ina shakka, domin a gida tufafi ba sa yin saura, daga wa sai ƙane, daga ƙane sai almajiri, kuma wannan ba abin da za a rushe ba ne. Abin da ya cancanci ɗauka shi ne gari ya ɗauki nauyin masu jinyarsa da tsari da rubutaccen lissafi, ko ta waƙafi ne, ko ta hayar rumfunan kasuwa.

Mu da ke nan kuwa, ƙofa a buɗe take. Wanda zai kawo kaya ya wanke su, ya zo lokacin da shago ke buɗe, in yana biyan haraji ya nemi takardar Gift Aid ya cika. Ƙannena ɗalibai, awa uku a mako sun isa, kuma manaja zai rubuta muku shaidar aiki in kun nema. Iyayena mata da ke cewa Turancinsu bai kai ba, a ɗakin baya ido da hannu ake bukata, kuma ban ga wanda ya fi ku sanin yadi ba.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.